Sannunku da Aiki Kanikawan Zazzau, Amma da Saura a Cikin Tanki

Akwai lokacin da in bakanike a Zariya ya ɗaga bonet ya ga mota mai injekta, sai ya girgiza kai ya ce wa mai ita, "Alhaji, in kana son kwanciyar hankali, a mayar da ita kafireta." Haka aka riƙa yi wa Golf da Mercedes 'yan Kwatano a shekarun 1990 da farkon 2000. A ciro nozil da wayoyinsa a zuba a kwali, a ɗaura kafireta, shan mai ya ƙaru, amma dai mota ta koma abin da hannu ya sani. Ba a ga laifinsu ba, domin hannun da Peugeot ya saba. A 1975 aka fara harhaɗa ta a Kakuri cikin Kaduna, tafiyar awa guda daga nan, kuma duk yaron da ya yi shekara biyu a gareji yana iya kwance famfon mai na 504 ido rufe. Ɗan ƙaramin abu ne a jikin inji, da wata 'yar fata a ciki wadda injin ke kaɗawa. Ranar da ya ƙi, a tsotso mai da baki a tofa a kafireta, ko a ɗora galan a kan rufin mota a saƙalo tiyo, a lallaɓa a isa gida.

Yau ka zaga garejojin da suka kewaye birni, daga bakin Ƙofar Doka zuwa Tudun Wada, ka miƙa Sabon Gari da Kwangila da Ɗanmagaji. Waɗanda suke wankin kaya da miƙa sifana a wancan zamani su ne iyayen gida yanzu, kuma aikin ya juya. An daina rage wa mota don ta yi daidai da sanin bakanike, ƙara mata ake yi. A sauke inji mai silinda huɗu daga tsohuwar BMW a ɗora mai shida, a cusa V6 a cikin 406, wani ma ya ɗauko babban injin Lexus ya yi masa mazauni a gangar jikin da ba dominsa aka ƙera ta ba. Mai zurfin aljihu ya ƙara da turbo. Babu wanda ya zaunar da su a aji. Da wayar hannu suka koya, da bidiyon da wani Bature ko Balarabe ya ɗora a YouTube cikin harshen da ba sa ji, da kuma kayan da suka ɓata suka biya daga aljihunsu. Yabon gwani ya zama dole. A garin da har unguwa aka sa wa sunan Babban Gwani, wanda ya gina masallacin Juma'a da ƙasa a zamanin Sarki Abdulkarimu, bai kamata baki ya yi nauyi wajen yabon mai aikin hannu ba.

Ɗora injin ba shi ya fi burge ni ba. Wannan aikin ƙarfi ne da walda da haƙuri. Abin da ya sa na sara musu shi ne sun gano, tun kafin masu motocin su gano, cewa ƙarfin da ake nema a gaba daga baya yake tasowa, daga ƙarƙashin kujerar fasinja, cikin tanki.

Ga yadda abin yakan kasance. Saurayi ya dawo da motar da aka canja wa inji makon jiya, ransa a ɓace. A cikin gari lafiya lau take, amma da ya hau titin Kano ya taka ta, tana kaiwa wani wuri sai ta shaƙe, ta yi ta tari, ta ƙi gaba. A ganinsa an cuce shi a inji. Maigidan gareji ko bonet ba ya ɗagawa. Ya sa yaro ya cire kujerar baya, ya kwance faifan ƙarfen da ke ƙasa, sannan ya sa tsumma ya goge ƙurar da ta taru a kan murfin kafin ya taɓa komai. Gogewar nan kaɗai ta isa ta nuna maka wanda ya san aiki, don ƙurar hunturun Zazzau in ta faɗa tanki, nozil za ta nufa. Sai ya kanga kunne ya ce, "Ɗan murɗa makulli, kar ka tayar." A ji wani siririn kuka na kamar daƙiƙa biyu, ya ɗauke.

"Ka ji shi? Famfon mai na tsohon injin ne. Wancan aka yi wa shi, ba wannan ba."

In an zaro shi, bai wuce tsawon tafin hannu ba, da 'yar rariya a gindinsa wadda ta koma launin ƙasa. Saurayin ya juya shi ya ce, "Oga, wannan ɗan abin?"

"Shi fa."

Maigidan ba zai zana maka lissafi a takarda ba, amma abin da ya sani daidai yake da abin da ke cikin littafi. Iska ce mafi yawan abincin inji. Kafin fetur ya ƙone tas, kowane kilo 1 yana bukatar iska kilo 14.7. Duk dabarar da ake yi wa mota don ƙara mata ƙarfi, babban inji ne ko turbo ko buɗe salansa, manufarta a shigar da iska da yawa. In iska ta ƙaru dole mai ya bi ta. A inji mai turbo ma, in an taka sosai, akan ba shi mai fiye da wancan lissafi, ya koma kilo 1 ga iska kilo 12 ko ƙasa da haka, saboda rarar man ce take sanyaya cikin silinda. To in famfo ya gaza, inji ba ya tsayawa ya jira shi. Ci gaba yake da gudu a kan ƙarancin mai, zafi ya hau, wuta ta riƙa tashi ba bisa ƙa'ida ba, a ji wata ƙara ƙas-ƙas daga ciki, kan fistin ya narke ko ringi ya karye. Mai mota ya ce inji ya buga, a yi ta tsine wa ɗan kasuwar da ya turo shi daga kasuwar Ladipo ko ta Ƙofar Ruwa, alhali mai laifin yana kwance cikin tanki, kuɗinsa bai taka kara ya karya ba in an gwada da na inji.

Sai batun matsi. Famfon 504 miƙa mai kawai yake yi, matsinsa bai kai rabin bar ba. Na injekta kuwa a wajen bar 3 yake aiki, wasu 3.5 ko 4. Bar 3 shi ne kusan 43 a gejin mai faci, wato man da ke bin tiyon ƙarƙashin motarka ya fi iskar da kamfani ya ce a ba tayarta matsi. In akwai turbo, duk bar guda na iska da ya tura sai an ƙara bar guda a matsin mai, in ba haka ba nozil ba zai iya fesa abin da ya kamata cikin iskar da ke turo shi baya ba. Shi kuma famfo, yadda matsi ke hawa haka yawan man da yake turowa ke sauka. Wannan ne ya sa masu harkar a ko'ina cikin duniya suka haddace sunaye biyu: Walbro 255, mai zama cikin tanki yana tura lita 255 a awa, da Bosch 044 da ake ɗaurawa a waje, mai tura wajen lita 300.

Akwai wata jinjinar da ta fi wannan nauyi a wurina, ta masu iya cewa a'a. Ba a rasa mai Camry ko Corolla da ba a taɓa injinta ba, ya ji a majalisa cewa babban famfo yana sa mota ta tashi sama, ya zo da kuɗinsa a hannu. Bakaniken kirki yakan ce masa, "Yallaɓai, riƙe kuɗinka." Gaskiya ya faɗa, don famfo ba ya ƙara ƙarfin doki ko ɗaya. Inji marar turbo, in an taka shi har ƙasa, yana shan kusan lita 0.3 a awa ga kowane doki. Mai doki 130 ke nan bai wuce lita 40 ba, kuma famfon da ya zo da shi daga kamfani ya ishe shi har da rara. Ka ba shi mai lita 255, ragowar za ta yi ta neman komawa tanki ta 'yar hanyar da ba a yi ta don wannan ambaliya ba. Matsi ya haura in mota tana tsaye inji na aiki, hayaƙi ya yi baƙi, filogi ya yi baƙi, fetur ya riƙa wanke baƙin man da ke jikin silinda. A wannan zamani da kowa ke neman na cefane, mutumin da ciniki ya zo masa har gida ya mayar da shi don ya san ba shi da amfani ga mai shi, wannan mutum ne.

To amma yabo ba ya hana a faɗi saura, kuma saura tana da yawa.

Kunnen nan da na yaba ya kai inda zai kai. Yana jin famfo ya mutu ko yana raye, amma ba ya jin bambancin bar 3 da bar 2.4 lokacin da mota ke gudu a giya ta huɗu, kuma a tsakanin waɗannan lambobi biyu ne fistin yake narkewa. Har gobe gwajin da aka fi yi shi ne a cire tiyo, a murɗa makulli, mai ya yi tsartuwa, a ce "yana kawowa." Wannan gwajin zamanin kafireta ne aka taho da shi. Famfon da ya gaji ma yana tsartuwa in babu abin da ya tare gabansa. Sai an toshe shi da matsi ake sanin ko namiji ne. Gejin awon matsin mai ba kayan gabas ba ne, kuɗinsa bai kai na sabuwar taya guda ba, kuma wanda ya iya zaunar da injin Lexus a cikin BMW ba shi da hujjar rashinsa. A auna a tsaye, a auna a guje. In an taka totur allurar ta faɗi, aiki bai ƙare ba, ko da mai mota yana ta washe baki. Wanda kuma ya kai ga ɗora turbo, ya nemi na'urar da ake ɗaurawa a salansa mai faɗin ko mai ya yi kaɗan ko ya yi yawa, ya daina dogara da launin filogi.

Abin da ya fi ba ni tsoro kuwa yana hannun mai waya. Babban famfo ya fi ƙarami jan wuta, in matsi ya hau yakan haura amfiya 10. Siririyar wayar kamfani, wadda ta shekara ashirin tana shan zafi da ƙura, ba ta iya kai masa wutar cikakkiya. A bakin batir ka auna ka ga 14 in inji na aiki, ka je bakin tanki ka tarar ta ragu, famfo ya rage gudu, fiyus ya yi ta ƙonewa. Maganin da aka saba ji shi ne, "A yi mata dairek." A ja waya daga makulli kai tsaye zuwa famfo, a tsallake rile, a naɗe fiyus da zaren waya. Mota ta tashi, kowa ya ce madalla.

Ɗaukewar nan ta bayan daƙiƙa biyu, wadda maigida ya kanga kunne ya saurara, ba ado ba ce. Burenbos, wato kwamfutar mota, shi ne yake kashe famfo in bai ji inji na juyawa ba, domin in mota ta yi karo ko ta kife tiyo ya fashe, mai ya tsaya. Wasu motocin, irin su Ford da wasu Peugeot, har wani maɓalli na daban gare su da ke yanke wutar famfo da zarar an yi karo. Motar da aka yi wa dairek ta rabu da wannan duka. Direba yana sume a kan sitiyari, makulli a buɗe, famfo mai lita 255 yana kwarara fiye da lita 4 kowane minti a gefen salansa mai zafi, mutanen kirki kuma sun taru suna ƙoƙarin ɓalle ƙofa. Kuma gyaran ba wani abin a zo a gani ba ne. Waya mai kauri daga batir, da fiyus ɗinta daf da batir ɗin, da sabon rile, sannan a bar tsohuwar wayar kamfani ta zama ita ke ba rilen umarni. Famfo ya samu wutarsa, burenbos ya riƙe ikonsa. Duk mai wayar da ya iya haɗa wayoyin sabon inji ya san wannan sarai. Gaggawa ce da "Oga, yau nake son ta, gobe ɗaurin aure" suke sa a bi ta gajeriyar hanya.

Tiyo ma haka. Ɗan guntun da ke haɗa famfo da murfin tanki a jiƙe yake cikin fetur ciki da waje. Tiyon mai na yau da kullum cikinsa kaɗai aka yi wa kariya, bayansa yakan kumbura ya ruɓe, wata rana ya tsage a cikin tanki inda ido ba ya gani, matsi ya zube, a koma zargin famfo. Wanda ya dace da zama cikin mai yana ɗauke da lamba J30R10 a jikinsa, na waje mai ɗaukar matsin injekta kuma J30R9. Tiyon kafireta da ɗaurin waya ba su da gurbi a nan. Jabu kuma ya cika kasuwa, kwali kyakkyawa da sunan Walbro ko Bosch a jiki, abin da ke ciki Allah kaɗai ya san inda aka ƙera shi. Bakanike ba shi ya yi jabun ba, amma haƙƙinsa ne ya gaya wa mai mota abin da ya sayo da inda ya sayo shi, ya kuma ɗora geji a gabansa.

Wani ɓangaren ba laifin gareji ba ne, halin ƙasa ne. A farkon 2022 an shigo da fetur daga Antwerp ta Beljiyam mai sinadarin metanol fiye da ƙima, motoci suka lalace, layi ya dawo gidajen mai, 'yan bumburutu suka ci kasuwa da jarkokin da ba a san me aka fara zubawa a cikinsu ba. Sannan ranar 29 ga Mayun 2023 aka sanar da janye tallafi, litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin kwanaki, kafin ƙarshen 2024 ta wuce 1,000 a wurare da dama. Tun daga nan fitilar gejin mai ta zama abokiyar tafiyar kowa. Shi kuwa famfo, man da yake turawa da wanda yake kwance a ciki su ne ruwan sanyinsa. Ka ɗauki mota mai lita 10 a tanki da famfo mai lita 255: cikin ƙasa da minti uku ya zagaya da man duka ta kan inji mai zafi ya dawo da shi, ya sake ɗauka, a tsakiyar Afrilu, rana tana dukan kwalta. Man ya yi zafi, famfo ya fara kuka, kwanansa ya ragu. Masu wasan mota nasu ya fi muni. In mota ta juya a gicciye, ɗan man da ke ciki ya kwashe ya koma gefe guda, famfo ya zuƙi iska a daidai lokacin da totur yake ƙasa. Masu yin abin da ƙa'ida sukan ƙara wani ƙaramin tanki na lita biyu ko makamancin haka wanda kullum yake cike, babban famfo ya riƙa sha daga nan. Wanda ba shi da halin wannan, kada ya shiga fili da ƙasa da rabin tanki. Wanda kuma ba shi da halin rabin tanki, a gaskiya ba famfo ne matsalarsa ba.

Ban manta da yaran gareji ba, don su ne kansu yake cikin ramin. Buɗaɗɗen tanki tururinsa ya fi man kansa haɗari, ga mai walda a rumfar da ke kusa, ga mai shayi da murhunsa a ɗaya gefen. Yaro yana bugun zoben murfi da sukundireba da guduma, ƙarfe kan ƙarfe. Wani yana gwada famfo da taɓa waya a kan batir, tartsatsi na tashi, taku biyu daga bakin tanki. A cire kan batir kafin a fara, a nisanta gwaji da tanki, a ajiye tukunyar kashe gobara da bokitin yashi inda hannu zai kai. Kuma lokaci ya yi da za a daina sa ɗan mutane tsotson fetur da baki. Iyayensa amana suka kawo shi.

Abin da ke ɗaure mini kai shi ne Zariya ba ta rasa inda za a koyi duk wannan ba. Cibiyar fasahar sufuri ta ƙasa, NITT, tana hanyar Basawa tun 1986, kuma a 'yan shekarun nan ta shiga aikin mayar da motoci masu amfani da iskar gas. Jami'ar Ahmadu Bello tana Samaru tun 1962 da sashenta na injiniya, ga kwalejin kimiyya da fasaha ta Nuhu Bamalli. Tsakaninsu da garejin Ƙofar Doka kuɗin Keke Napep ne. Shugabannin ƙungiyar kanikawa ta NATA su ɗauki ƙafa su je su nemi a shirya wa mutanensu bita ta kwana biyu ko uku, da Hausa, da geji a hannu, da mota a gaba, ba lacca da allo ba. Malaman ma za su ƙaru, domin akwai abin da maigidan gareji ya sani game da halin injin da ya sha man bumburutu wanda babu shi a littafin da aka rubuta a Jamus.

Ku kuma samari masu motocin, bakanike ya ba ku doki ɗari biyu ko uku, bai ba ku hanya ba. Birnin Zazzau ba don wannan aka shata shi ba. Daga Ƙofar Kuyambana ka bi ta Babban Dodo ka nufi fada, lunguna ne da kwana, da ƙofar zaure da ke buɗewa kai tsaye a kan hanya, da 'yan makarantar allo, da tsoho mai sanda zai tafi masallaci. Ko sukuwar dawaki, da ta girmi mota a garin nan nesa ba kusa ba, tana da filinta da ranarta da masu tsare mata hanya. In wasan ya zama dole, ku haɗa kai ku nemi fili a bayan ganuwa, ku nemi izinin hukuma, ku ja igiya tsakaninku da 'yan kallo. Rakiyar amarya ba wurinsa ba ne. Kuɗin da aka kashe a famfo da turbo, a kashe kwatankwacinsa a birki da taya.

Ranar da za ka karɓi motarka daga gareji, kafin ka biya cikon kuɗin aiki, ka zauna a ciki ka rufe ƙofa, ka kashe rediyo, ka murɗa makulli ba tare da ka tayar ba. In kukan famfo ya yi daƙiƙa biyu ya ɗauke, ka nemi a ɗora maka geji ka ga allurar da idonka. In kuwa ya ci gaba da kuka bai ɗauke ba, ka zare makullinka ka ce, "Oga, a kira mai waya tukuna."